Wa Ya Sha Nonon Dije?

Maficin ne ya tsaya cak a hannunta, nan take na san akwai magana.

Ku da kuka san Iya Malama, kakata ta wajen uba, kun san maficin nan ba ya hutawa. Da zafi da sanyi yana hannunta. Da shi take fifita, da shi take korar kaji, da shi ta yi shekaru tana nuna allo a firamare a nan Gumel. Kun kuma san duk wanda ya tako gidanmu, ko mai gyaran rediyo ne, sai ya amsa tambayarta: "Ɗan gidan wa?" Ka faɗi ubanka, ta faɗa maka kakanka, ta ƙara maka da garin da ya baro da abin kunyar da ya sa ya baro shi. Yau kwana arba'in da rasuwarta, har yanzu in na tuna makon da zan ba ku labari sai in ji dariya tana cina.

Ranar Habibu ne ya zo gaishe ta, ana gab da sa ranar aurenmu. Ni ina bayan labule ina leƙe.

Ta ce, "Kai ne angon nawa? Tubarkalla, sai dai ba ka cin abinci. Ɗan gidan wa?"

"Gidan Malam Idi, na Ɗanzomo."

"Idi ɗan Barau? Baraun da raƙumi ya kora har cikin masallaci?"

"Wallahi ban san wannan ba, Iya."

"Ina za ka sani, kuna can kuna latsa waya. Uwarka fa?"

"Kulu ake ce mata."

Shi ke nan. Mafici ya tsaya. Matar da ba ta taɓa sallamar baƙo ƙasa da awa biyu ba ta ce, "Tashi ka tafi, ka gaida gida."

Ta kira ni, ta ce in zauna. Ta ce, "Safiya, da aka haife ki Ummanki ta kwanta asibiti, Dije maƙwabciyarmu ta wancan lokacin ita ta shayar da ke. To shekaru kafin nan an taɓa kawo wa Dijen nan jariri daga Ɗanzomo, ɗan wata Kulu mai ciwon nono. Kulu maza biyu gare ta, Sale da Habibu. In Sale ne ya sha, babu ruwanki. In Habibu ne, nono ɗaya kuka sha, yayanki ne, babu aure har abada."

Na ji kunnena ya ɗauki ƙara kamar an kunna inji. Shekara biyu Habibu yana zuwa zance. Allah ya yafe mini, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Iya, ai babu wanda ya tuna sai ke."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Allah ya tuna. Jawo mini akwati."

Akwatin ƙarfen nan kuwa kun san shi. Tarihin rabin ƙasar Gumel yana ciki, amma babu littafi ko ɗaya. Ita fa sayen takarda almubazzaranci ne. A bayan tsofaffin takardun jarrabawa take rubutu, da bayan kalanda, da takardar buhun siminti. Fensirinta in ya ƙare har ya ƙi riƙuwa, sai ta soka shi a cikin kara ta ci gaba. Muka yi ta tono har la'asar, ina atishawa, sannan ta zaro wata kalanda mai hoton tarakta. A baya ga layi ɗaya: "An kawo wa Dije ɗan Kulu ta Ɗanzomo." Babu suna. Gefen da ya kamata a ga shekara kuma gara ta cinye.

Ta ɗauko jan biro ta zana ƙaton sifili a kai.

Na ce, "Iya, wa kika ba sifili?"

"Ni mana! Da ɗaliba ce ta kawo mini wannan aikin, da ta share aji sati guda. Shirya, gobe Ɗanzomo."

Dokarta dai ba ta canzawa: ba ta rubuta magana a matsayin gaskiya sai ta tabbatar ta hanya uku. Baba ya ce ranar da ya gaya mata an haife ni, sai da ta aika aka tambayo ungozoma, sannan ta ce a miƙo ni ta gani.

A tasha muka dace, ko in ce muka yi rashin dace, direban tsohon ɗalibinta ne, ƙaton mutum har da furfura. Ya durƙusa yana gaisuwa, ya ba ta gidan gaba. Ba mu yi nisa ba ta ce, "Musa, bakwai sau takwas?"

Ya yi ta murza sitiyari. "Hamsin da... huɗu, Malama."

"Tsaya in sauka."

"Haba Malama!"

"Tsaya, na ce! Wanda bai san bakwai sau takwas ba ba zai tuƙa ni da jikata ba."

Wata mata daga baya ta raɗa masa, ya ɗaga murya, "Hamsin da shida!"

Iya ta ce, "Na ji wadda ta ba ka satar amsa. Ku biyun ku gan ni in mun sauka."

Mota ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, hawaye kuwa yana zuba, babu wanda ya gane na mene ne.

A Ɗanzomo muka tarar da wata sabuwa. Ashe duk haihuwar biyun Kulu ta yi ciwon nonon: ɗaya aka kai wa Dije, ɗaya aka raina da nonon akuya. Ga shi Sale ɗan fari ne, Kulu kuwa mai alkunya ce ta gaske, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba.

Iya ta ce, "Wanne aka kai Gumel?"

Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska. "Yaron ne."

"Wane yaron? Biyu kika haifa."

"Yaron dai."

"Ikon Allah! To ji nan. Zan kira suna, in shi ne ki yi tari. Habibu."

Babu tari.

"Sale."

Kulu ta saki tari har da ƙwarewa. Wallahi saura kaɗan in yi guɗa a gidan surukai. Muna fitowa ƙofar gida na rungume Iya, ta ture ni da mafici.

"Rufa mini asiri. Wannan bakin uwa ne mai son bikin ɗanta, wadda a lokacin zazzaɓi bai bar ta ta san inda kanta yake ba. Kuma ba ki ga hayaƙin da ke tsakar gidan ba? Ni ma na kusa yin tarin."

Kashegari muka nufi Gagarawa Tasha, wurin Inna Asabe, yayar Kulu, wadda ta riƙe Sale tun daga yaye. Ita kam babu alkunya a harkarta. Tana daka ta amsa, ko taɓaryar ba ta ajiye ba.

"Sale? Ai Sale nonon akuya ya sha, shi ya sa har yau ba ya iya zama wuri ɗaya. Habibu aka kai Gumel."

Ban san lokacin da na zube a gindin turmi ba. Na ji dai Iya tana tambaya, "Da idonki kika gani?"

"An gaya mini."

"Wa?"

"Ya rasu."

"To Allah ya jiƙansa, ya bar mu da aiki."

A hanyar komawa ba ta tambayi kowa ɗan gidan wa ba. Ta sayi fura, ita da ta tsani cin abu a hanya, ta riƙa ba ni da ludayi kamar yarinyar goye. Can ta ce, "Kina jin haushina?"

Na ce, "Ina ji."

"Ji abinki, kina da gaskiya. Amma ni ba zan raka ki ɗakin da zan dawo ina shakka ba. In ta tabbata shi ne, tare za mu yi kukan, ni zan fara."

Saura mutum ɗaya, Dije da kanta. Ta daɗe da barin Gumel, ta koma Maigatari wurin 'yarta. Muka isa ranar kasuwa, shanu da raƙuma da manyan motoci sun cika ko'ina. Iya ta ƙi tambayar hanya, wai ta san garin tun kafin a haifi masu nuna hanyar. Sau uku muna wucewa ta gaban mai tsire ɗaya. A na ukun ya ce, "Hajiya, ko dai ƙamshin ne?" Sannan ta haƙura ta tambaya, bayan ta gaya masa sunan kakarsa.

Muka sami Inna Dije a ƙofar gida tana sayar da daddawa. Ta tsufa tukuf, idon ya kusa tafiya, Hausarta ta koma irin ta mutanen Damagaram. Tana jin muryar Iya ta tafa hannu.

"Madam lakwal, malamar boko! Har yanzu kina dukan 'ya'yan mutane a makarantar?"

"Na yi ritaya, yanzu iyayen nake duka. Ga 'yarki Safiya na kawo miki."

Ta lalubo fuskata. "Wannan mai cizon? Ke, har yau ban huce ba!"

Aka yi dariya, Iya ta faɗi abin da ya kawo mu. Dije ta ce, "Suna? Ai ko suna ba a yi ba aka kawo shi, kwanansa uku a duniya."

"Wace shekara ce?"

"Ina goyon Larai. A'a, Tasalla. Kai, ko dai Larai ce?"

"Dije, goma kika haifa, zaɓi ɗaya!"

"To ai duk kamarsu ɗaya a goye."

Na ga kafaɗun Iya sun sauka, abin da ban taɓa gani ba. Sai kuma ta gyara zama, muryar aji ta dawo. "Rufe idonki."

"Ai a rufe suke."

"To ƙara rufewa. Yaron yana cinyarki. Me kike gani?"

Dije ta runtse ido, ta tanƙwara hannu kamar mai riƙe da jariri. Sai ta ce, "Hannu. Cindo gare shi a hannun hagu, ɗan yatsa na shida yana lilo. Ni na riƙe shi aka ɗaure da zare har ya faɗi. In yana raye, gurbin yana nan."

Jama'a, nan fa na shiga laluben ƙwaƙwalwata. Shekara biyu yana zuwa zance, kaina a sunkuye, na san takalmansa kaf, amma wallahi ban san kamannin hannun Habibu ba! Na zaro waya, Iya ta ƙwace ta jefa a jakarta.

"Ba za ki kira shi ba. Ni zan duba, a gaban shaidu."

Abinci bai shiga cikina ba har ranar Juma'a. Bayan la'asar aka tara su a tsakar gidanmu: Baba, da limamin unguwa, da Habibu, da Sale wanda aka taso daga Gagarawa Tasha bai san dalili ba. Ƙato ne mai gemu, 'ya'yansa huɗu. Ni ina ɗaki, ina leƙe ta bayan ƙyaure.

Iya ta fito ta ce, "Ku yi layi."

Suka dubi juna. Liman ya ce, "Ku yi abin da ta ce, ni ma na taɓa yi."

"Hannuwa!"

Suka miƙo hannuwa kamar 'yan aji uku da safe. Ta fara da Habibu. Ta juya hannun hagu, ta shafa gefen ƙaramin yatsa, ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta mayar, ta sake shafawa. Ta karɓi na dama. Ta wuce kan Sale.

"Kai! Wannan farce ne ko fartanya? Matarka ba ta da reza?"

"Yi haƙuri, Iya."

Ta juya hannun, yatsanta ya tsaya a kan wani ɗan tudu. "Wannan fa?"

"Cindo ne, Iya. An ce tun ina jariri aka cire."

Ta sa Baba ya taɓa, ta sa liman ya taɓa. Liman ya ce, "Alhamdu lillahi. Wanda ya sha shi kaɗai hukuncin ya hau. Ƙaninsa babu abin da ya shafe shi."

Sai na ji ta ɗaga murya. "Safiya, fito!"

Na fito ina bin bango. Ta nuna Sale. "Ga yayanki nan, durƙusa ki gaishe shi, ki kuma sa shi ya yanke farce." Ta juya ta nuna Habibu, wanda gumi ya jiƙa wa riga sharkaf. "Wancan kuwa ba kowanki ba ne, sai abin da kika mayar da shi. Kin tsira, 'yar nan. Je ki ci abinci."

Biyar saura kwata ne na yamma. Na faɗa jikinta, sai a lokacin na ji ashe ita ma rawa take yi, fiye da ni ma.

Ba ta ga bikin ba. Ya Allah, ta tsaya mini a kan gaskiya ranar da ni kaina na so a rufe ta. Ka haskaka kabarinta, Ka sauƙaƙa mata tambaya, Ka shayar da ita daga Alkausara. Amin.