Yagana, Mai Huda Bido a Bakin Komadugu

Kafin masu tsinkar tattasai su watsu cikin lambuna, Yagana ta riga ta share farfajiyar likitar garinmu, ta cika randuna, ta wanke tabarmin da majinyata suka kwana a kai. Aikin da hukuma ta san ta da shi ke nan: shara. Daga nan sai ta ɗauki doguwar ƙusa da guduma, ta rataya tsofaffin bidon man gyaɗa, jarkokin nan na roba, a kafaɗa, ta gangara bakin kogin Komadugu, inda ƴan cin rani ke kafa bukkokinsu na zana.

Duk wanda ya tashi a wannan kwari ya san al'adarmu. In kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke iyalai daga wajen Damagaram da Gure, mai lambu yakan tarbe su da wurin kwana, da ɗan gero, da bidon ɗiban ruwa. Bidon kuwa na maganin feshi ne da ya ƙare. Mai kauri, mai murfi, ba ya yoyo. A ɗauraye shi a kogi, a miƙa wa baƙo, a ce an yi karamci. Ƴaƴanmu dai ba sa sha daga ciki. Mun san dalili.

Bubakar, mai kula da injin ban ruwan Alhaji Maikano, shi ya ba ni labarin yadda abin ya fara a kakar 1997. An kawo wata yarinya likita, Nafisa, ƴar masu tsinka, kumfa na fita daga bakinta. Uwarta ta dama mata fura da ruwan bidon da aka ba su ranar da suka sauka. Majo, babban ma'aikacin jinyarmu, ya yi iya yinsa. Yagana ce ta yi wa gawar wanka, don a garin nan yarinyar ba ta da inna, ba ta da gwaggo. Aka rufe ta bayan lambu, uban ya koma tsinka washegari. Mutanen gari suka ce iskar kogi ce, ba ta son baƙi.

A makon ne Yagana ta fara bin bukkoki tana huda gindin kowane bidon feshi. Kuna tsammani an gode mata? Wata mata, Baturiya, ta cafke ta a zani.

"Iya, kin huda mini bido. Da me zan ɗebo wa yara ruwa, da tafin hannu?"

Ran kasuwar Diffa Yagana ta bi shagunan Damagarawa ɗaya bayan ɗaya tana roƙon bidon mai da suka zazzage, tana tuna musu cewa yaran nan jinin garinsu ne. Ɗalha mai kanti ya yi dariya, ya ce yau ga Babarbariya ta zo koya musu zumunci, amma ya shiga ciki ya fito mata da duk abin da yake da shi. Tun daga lokacin musanya take yi: ta ba ki mai tsabta, ta karɓi na guba, ta huda a gabanki.

Alhaji Maikano ya tare ta a bakin hanya, mutane na kallo. Ya ce ta ɓata masa suna, ta mai da kyautarsa abin tsoro.

"Alhaji," in ji ta, "kira ɗanka Mujahid ya sha a cikin bidon, ni ma in sha. In ya sha, na daina."

Bai kira shi ba. Ya dai hana ta taka lambunsa. Sai ta koma zama a mashaya, inda yaran ke zuwa ɗiban ruwa, ta riƙa tare su a can.

Na karanta labaran jarumai har idona ya yi ja, na yi kuka saboda mutanen da ba su taɓa rayuwa ba, alhali ke, Iya Yagana, kina wucewa ta ƙofarmu kullum, rana na dukan ki. Ke ce uwar waɗanda suka sauka garin da ba wanda ya san sunan ubansu. Ba ki ceci duka ba. Akwai ƙananan kaburbura bayan lambuna da iyayensu ba za su sake zuwa su gani ba. Amma akwai yara yau a lakwal, suna karatun boko a Gure, da suka koma gida da ƙafafunsu, ba su ma san ki ba.

Yanzu gwiwoyin Yagana sun ƙi. Ɗanta zai zo ya tafi da ita Maine-Soroa kafin a fara tsinkar bana. Ba walima, ba jawabi. An riga an sami mai shara a madadinta. Ɗaya aikin, ba wanda ya tambaya.

Da na gaya mata zan yi wannan rubutu, tambayata ta yi ko masu lambu suna karatu. Na ce wasunsu. Ta ce to sauran in je in faɗa musu da baki.

Na gode, Iya Yagana. Allah ya huta gajiyarki, ya sanyaya gwiwoyin nan. Ku kuma masu lambu, iyayena da yayyena, ba na roƙon ku zama ita. In feshi ya ƙare, ku huda bidon da hannunku. Baƙinku sun kusa isowa, kuma da yara za su zo.