Yadda Lawali ya hana a rufe rumfar awon Bungudu

Lawali abokina ne tun muna tallan rake a tashar Bungudu. Ni na zama direba, shi kuwa ya bi gyaran rediyo, daga nan ya koma wayar tarho. Da wani kamfanin sayen auduga a Gusau ya kawo kwamfutoci a shekarar 1998, shi aka tura Kaduna ya koyo aikinsu. Ni kuma, Tambaya, ni ne direban kamfanin. Allah ya yi wa Lawali rasuwa bara, har yau in na wuce ƙofar gidansu sai na rage gudu.

Akwai wani akwati da yake kula da shi, suna ce masa rauta. Aikinsa raba wa saƙonni hanya. Rumfunan awon auduga na kamfanin da ke Tsafe da Bungudu a jikinsa suke haɗe kai tsaye, ta nan ake aika musu darajar auduga da motocin da za su zo ɗauka.

Da aka kafa farantin tauraron ɗan'adam mai kai saƙo Legas, Lawali ya rubuta wa akwatin doka: duk saƙon da ya fito daga ofishin Gusau ya bi ta faranti. Tun daga ranar Tsafe da Bungudu suka daina samun komai. Tsafe tana da tarho, suka ci gaba da shi. Bungudu ba ta da shi. Manaja, Alhaji Bashir, ya ce layin ya mutu, kuma ba zai bar rumfar da ba ya jin ɗuriyarta ba. A rufe ta, kowa ya kawo audugarsa Gusau.

Lawali ɗan Karakkai ne, wani ƙauye a ƙasar Bungudu. Ya san masu jakunan da za su yi wannan tafiya, har da kawunsa.

Ya ce, "Tambaya, tada mota."

Na ce, "Ango na akwati, yau kuma ina amarya ta aike ka?"

"Kai dai ja, sitiyari kaɗai ka iya murɗawa."

A Bungudu ya duba komai, bai ga abin da ya lalace ba. Muka komo. Ya zauna ya sa akwatin da kansa ya gai da Bungudu, sai ga amsa nan take. Ya gwada daga kwamfutar ofis, shiru. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya dafa kai yana dariya.

"Mi ya faru?" in ji ni.

"Ni na ɗauka wanga akwati ya san maƙwabtansa, ba zai sa musu doka ba. Ashe doka yake fara dubawa kafin ya dubi wanda ke manne da shi. Saƙon da ya fito daga cikinsa ba ta taɓa shi, amma namu na ofis, ko Bungudu za shi, sai ta tura shi Legas ya ɓace."

"Wato fasinjan Bungudu ka sa a motar Ikko."

"Da hannuna kuwa."

Ya ƙara layi a saman dokar, cewa saƙon Tsafe da na Bungudu a bar su su bi hanyarsu ta kusa. Na ba shi shawara ya ce wa manaja waya ce ta tsinke. Ya harare ni, ya shiga ofis.

"Ranka ya daɗe, layin lafiya lau yake. Dokar da na rubuta ce ta jawo, kuma na gyara."

Alhaji ya ce, "Kai ka ɓata, kai ka gyara, yanzu so kake in yi maka godiya?"

"A'a, Alhaji. Rumfar nake so a bari."

Alhaji ya sa aka aika saƙo a gabansa. Da malamin awo na Bungudu ya amsa, Alhaji ya ce a bar rumfar, ya juyo ya ce mini in kai musu buhunan zuba auduga.

Ni na kai su da la'asar. Na tarar da mutanen Karakkai sun fara ɗaure kaya a kan jakuna za su kama hanyar Gusau. Na leƙo ta taga na ce su sauke, Lawali ya gyara.