Yadda Kawu Sale Ya Musuluntar da Wake

Duk wanda ya taɓa zama cin abinci da Kawu Sale a garin nan na Guangzhou ya san cokalin nan. Tsohon cokalin ƙarfe, bakinsa ya cinye ta gefe guda, a naɗe cikin hankici a aljihun gaba, inda sauran alhazai ke soke biro. Shekarun da ya yi a Caina sun fi na auren wasunku, amma bai taɓa riƙe tsinkayen cin abincin nan nasu ba. In aka miƙo masa sai ya yi godiya da yarensu, ya ce, "Shiyeshiye, ba saƙa na zo yi ba." Ranar da na'urar binciken tashar jirgin ƙasa ta yi ƙara a kansa, ɗan sanda ya zaro cokalin yana jujjuyawa, Kawu ya dube shi ya ce da Hausa, "Yaro, riƙe shi da ladabi, ya girme ka." Kuma ba ya ara wa kowa. Ko ni.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kira na da komai ba sai "Uwata". Kun san ni ba mai fita ba ce. Maigidana ya tafi kasuwar Shahe ya dawo, ya tafi ta Baima ya dawo, ni ina gida da tukwanena da wayata. Amma kunnena ba ya barci, kuma a wannan labarin har da ni aka yi.

Da ƙarfi ya ƙare wa Kawu, likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki doguwar tafiyar jirgi ba, sai ya ajiye harkar kaya. Suka koma gidan matarsa Inna Ma, Musulmar nan 'yar Caina, can wata unguwa ta 'yan fansho a gefen gari. Tsofaffi zalla! Da safe su fito fili, su ɗaga hannu a hankali, su sauke ƙafa a hankali. Kawu ya ce, "Uwata, ban taɓa ganin masu korar sauro da haƙuri irin waɗannan ba."

Dariya yake, amma abin yana cin sa. Mutumin da a da duk baƙon da ya sauka daga Kano ko Maraɗi sai ya ci a teburinsa, ga shi an daina zuwa. Kada ku sunkuyar da kai, kun daina! In ya kira ku a waya sai ku ce, "Alhaji, unguwarku nisa, kuma babu abin da Musulmi zai sa a baki." Gaskiya ne kuwa. Ga Inna Ma da ciwon gwiwa, ba ta iya tsayuwar girkin taro. Na ce zan riƙa aiko da abinci, ya ce, "Ni ba abinci nake nema ba, mutane nake nema. Gidan da ba a cin abinci kabari ne mai taga."

Ana nan sai aka buɗe gidajen abincin Meksiko har biyu a bakin ƙofar unguwar, saboda Turawan da ke benayen tsallaken titi. Kawu ya shaƙi iska ya ce, "Wake nake ji. Da masara." Ya gyara hula ya fita bincike.

Ya fara da babban, mai kiɗa da manyan malafu a rataye a bango. Ya zauna ya yi odar ruwan zafi, don shi kaɗai ne kyauta, ya shiga leƙen farantan mutane. Ya dawo da rahoto: waken kamar siminti, wainar masarar kamar kwalin takalmi. Wai ya ce wa mai kawo abincin, "Ku sauko da malafar can ku dafa, za ta fi laushi." Da ya fara tambayar ko suna sa man alade, tun bai rufe baki ba aka ce masa, "Meyo, meyo!" wato babu.

Na ce, "To ai shi ke nan, Kawu, sun ce babu."

Ya ce, "Uwata, wanda ya ce maka babu kafin ka gama tambaya, akwai."

Ƙaramin kuwa wani ɗan lungu ne, na wani ɗan Meksiko mai tumbi da gashin baki, sunansa Migel. Kawu ya ce bakinsa ba zai wahala ba, ya mai da shi Mika'ilu. Shi da aka tambaye shi, ya ce e, da man alade yake soya wakensa, haka kakarsa ke yi. Kawu ya miƙa masa hannu ya ce, "Kai mutumin kirki ne. Wakenka ne bai musulunta ba."

Daga ranar Mika'ilu bai sake hutawa ba. Kullum Kawu na bakin ƙofarsa da 'yar kujerarsa, suna hira da guntun Sinanci da guntun Turanci da hannuwa. Ba ya cin komai, sai hukunci da hanci. Wata rana Mika'ilu ya kawo masa wani jan ruwa mai sanyi, ya nuna masa busasshen furen da aka jiƙa, yana alfahari wai abin shan ƙasarsu ne. Kawu ya duba furen, ya kurɓa, ya ajiye kofi, ya yi salati.

"Zoɓo! Mika'ilu, zoɓo ne! Ku ashe 'yan uwanmu ne da suka ɓata a hanya!" Ya sake kurɓa, ya yatsine fuska. "Amma ba citta, ba kanumfari. Wannan zoɓon marayu ne."

A wajen hirar nan ya gane shagon na dab da rufewa. Turawa sun fi son mai kiɗa, tsofaffin unguwa kuma tsoron barkono suke. Kwalaben giyar da ke kan kanta ma, in ji Kawu, su ne ke shan ƙura, ba mai shan su. Ya ce masa, "Ka cire alade, ni zan cika maka gidan nan da mutane." Mika'ilu ya dafe ƙirji ya ce wake ba man alade ba wake ba ne, kakarsa za ta juya a kabari.

Sai ga Kawu wata safiya a ƙofata, shi da likita ya hana hawa bene, yana haki. Bai ko zauna ba ya wuce kicin ya sunkuci babbar tukunyata da ludayina da galan ɗin man gyaɗan da aka aiko mini daga gida.

"Kawu, ina za ka da tukunyata?"

"Wa'azi za mu. Sa mayafinki."

"Ni fa ban san hanya ba, kuma na jiƙa wanki!"

"Wankin ba zai shiga wuta ba. Waken can kuwa yana hanya."

Haka aka tasa ni gaba har kicin ɗin mutumin da ban taɓa gani ba, Inna Ma na biye da sandarta tana yi mana tafinta. Kawu ya hana ni taɓa komai na wurin sai murhu. Na dafa waken da 'yar kanwa har ya narke. Na soya albasa a man gyaɗa har ta yi ja tana neman ƙonewa, na juye waken a kai, na dama shi yadda na ga suna yi. Ƙamshi ya fita har fili. Tsofaffin nan masu korar sauro suka bar sauronsu suka taru a taga.

Mika'ilu yana tsaye ya harɗe hannu, yana ta ambaton kakarsa. Kawu ya ce wa Inna Ma, "Tambaye shi, kakar tasa ta taɓa ɗanɗana man gyaɗan Kano?" Aka ce a'a. Ya ce, "To ba laifinta ba ne. Allah bai kai mata ba."

Daga ƙarshe Mika'ilu ya ɗauko cokalinsa na aiki zai tsoma. Kawu ya daka tsawa, ya riƙe masa hannu: cokalin da ya yi wanka a man alade ba zai shiga tukunyar Uwata ba! Aka duba kicin kaf, babu abin da Kawu ya yarda da shi. Ludayina kuwa yana cikin tukunya, ba a kai shi baki. Aka yi cirko-cirko. Sai na ga hannun Kawu ya tafi aljihun gaba. Ya tsaya. Ya ja numfashi kamar mai ba da 'yarsa aure. Ya warware hankicin nan a hankali, ya miƙa.

Wallahi Inna Ma sai da ta zauna. Ta ce tun da aka ɗaura musu aure ko wanke shi bai taɓa bari ta yi ba.

Mika'ilu ya ɗiba ya kai baki. Ya haɗiye. Ya sake ɗiba. Ya dubi sama ya yi wata doguwar magana da yarensu, wadda duk cikinmu ba mai ji.

Na ce, "Inna, me ya ce?"

Kawu ya ce, "Ni na ji. Ya ce kakarsa ta yafe."

Sauran kun san shi, don da ku aka ci. Aka sayo sababbin tukwane, kwalaben nan suka bar kanta, nama ya koma zuwa daga mahautar ɗan wan Inna Ma, aka kafa koren allon halal a ƙofa. Zoɓo ya samu citta da kanumfari, ya fita daga maraici. Da lokacin baje kolin Pazhou ya zo, Kawu ya aika saƙon murya guda ɗaya tak: "Wanda ya ce unguwarmu babu abin ci, ya zo ya maimaita a gabana." Mutanen Maraɗi suka fara zuwa, suna gaisuwarsu ta Faransanci, "sa ba, Alhaji, sa ba". Kanawa suka ji an riga su, suka zo a motoci. Na ga alhazai da manyan riguna suna naɗe naman rago a wainar masara, miya na bin gwiwar hannu, suna cewa a ƙaro. Tsofaffin unguwa ma suka gano waken ba ya bukatar haƙori, suka kama teburin taga suka hana kowa.

Kawu kuwa yana kujerar tsakiya kamar alƙali, kowa ya shigo sai ya durƙusa ya gaishe shi. Kullum shi ke fara ɗanɗanawa, Mika'ilu na tsaye yana jiran hukunci, kuma kullum hukuncin ɗaya ne: "Ya yi farilla. Saura nafila." Har lauban na babban gidan, wato mai shi, ya tako da kansa yana roƙon Kawu ya zo ya duba nasu waken. Kawu ya ce, "Meyo." Mutumin ya ce ai bai gama magana ba. Kawu ya ce, "A wajenku na koya."

Zuwansa na ƙarshe ina wurin, don tun ranar wa'azin nan na koyi hanya. Riƙe shi aka yi aka kawo shi. Gida cike, ana ta hayaniya da Hausa kamar Kantin Kwari. Ya ci loma kaɗan, ya daɗe yana kallon mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya goge cokalin, ya naɗe shi, ya kamo hannun Mika'ilu ya danƙa masa.

"Yau har da nafila," in ji shi.

Cokalin yana nan a bangon shagon, sama da kanta, cikin hankicinsa. Ranar zaman makoki Mika'ilu ya shigo yana kuka kamar yaro, ɗauke da wake cike da tukunya. Tukunyata ce. Ya juye ya koma da ita, ni kuma ban tambaya ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya ƙi cin abinci shi kaɗai a duniya, ya Allah kada Ka bar shi shi kaɗai a kabari. Ka zaunar da shi a teburin da ba a tashi, cikin mutanensa. Amin.