Tankin da Aka Ɗaga Yatsu Huɗu

Shekarar da kuɗin mai ya shigo ƙasa aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi a dunƙule, kusan kowane zaure a unguwarmu ta Shamaki sai da aka ga babur a jingine. Maigidana ma ya sayi nasa, ja, mai dogon tanki. Malamin awon auduga ne, kullum yana kan hanyar kasuwannin ƙauye, don haka kowa ya ce don aiki ya saya. Ni dai na san don 'yarmu ta fari ya saya.

Tana da shekara biyu zazzaɓi ya kama ta, da zai sake ta sai ya tafi da ƙafafunta. Shan inna, in ji mutane. Har ta kai bakwai tana jan jiki a tsakar gida, iyakar duniyarta daga bakin rijiya zuwa zaure. Baki kuwa Allah ya ba ta, ko kaza ta gifta sai ta tanka mata.

A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, ba ta jerawa da ita a hanya. Haka na taso na tarar, kuma na riƙe shi da hannu biyu, har ana yabona. “Ke” nake ce mata, ita kuma ta ce mini Adda, kamar yayarta. Uwar mijina, da muke kira Dada, ita ce mai ɗauka, mai goyo, mai kiran suna.

Malam ma ya kamata ya yi wannan kunyar, amma ran da babur ya zo ya ajiye ta. Ya sunkuci yarinya ya ɗora a kan tanki, a gabansa.

Dada ta riƙe haɓa. “Kai ba ka da ta ido ne? 'Yar fari a gabanka, gari na kallo?”

“Dada, ai ba ni na ɗauke ta ba, babur ne.”

Suka zaga gari suka dawo, sai ga ta tana kumbure-kumbure. Dada ta ce, “To ƙawata, me kika gano mana?”

“Ƙeyar fitila. Sai wani agogo mai allura ɗaya.”

Ashe ta yi ƙasa da yawa. Yaro mai ƙafa yakan dogara ya ɗaga wuya ya leƙa, ita kuwa inda aka ajiye ta nan take. Ran Asabar Malam ya ɗauke ta suka tafi Nasarawo wurin wani dattijo mai walda, Batangale, wanda aka ce ba ya gaggawa a aiki.

Ban je ba, amma kamar na je, don da suka dawo ta zauna kusa da murhu ta kwashe labarin duka. Dada take ba wa, idonta yana kaina. Wai da Malam ya faɗi abin da yake so, dattijon ya ajiye gudumarsa ya ce, “Malam, kowa na so nasa ya yi sumul, kai ka zo in yi wa naka tozo kamar bijimi?” Sannan ya juya gare ta ya ce, “Hajiya ƙarama, zauna in auna ki.” Ya riƙa cusa mata guntayen katako a ƙarƙashi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, “Me kika gani?” Tana cewa fitila, fitila, har sai da ta yi ihu, “Na ga akuya!” Ya auna katakon, yatsu huɗu.

Ya juye man, ya kwance tankin ya kai shi nesa da wuta. Ya yanko ƙarafa biyu ya yi musu walda a jikin babur, ya shimfiɗa robar tsohuwar taya, ya mayar da tanki a kai ya ɗaure. Tiyon mai ya gaza, ya sa dogo. Ya kuma maƙala mata ɗan ƙarfe dama da hagu inda za a ɗora ƙafafunta, don kada su taɓa inji. Da za su tafi ya ce, “Abu ɗaya, Malam. Kan babur ba zai ƙara juyawa har ƙarshe ba, tanki zai tare shi. In za ka yi kwana, ka yi ta da faɗi.”

Ni kuma na ɗinka matashi, na cusa masa auduga, na sa masa igiya. Na ba Dada ta ba ta. Yarinyar ta juya shi ta duba ɗinkin ta ce, “Dada, yaushe hannunki ya iya ƙananan ɗinki haka?” Na sunkuya ina hura wutar da take ci.

Daga nan duniya ta buɗe mata. Ta shiga makaranta, Malam ya kai ta ya ɗauko ta. Ta san kasuwa, ta san inda ake gurzar auduga. Amma ba abin da ya kai mata jirgin ƙasa. Duk ranar da yake shigowa sai sun je tasha da la'asar. Ni kuwa tunda aka kawo ni Gombe kukansa kawai nake ji daga tsakar gida.

“Adda, ki hau baya mu je ki gani. Akwai wuri fa. Ni gaba, Baba tsakiya, ke baya.”

“Ke, rabu da ni, ina aiki.”

Ta roƙa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. In ce sai bayan salla, salla ta wuce in ce sai an gama kaka. Ba don ba na so ba. Wallahi ina so. In na tuna za a gan ni a titi, babur ɗaya da 'yar fari, sai in ji kamar an yaye mini mayafi.

Dada ce ma ta gaji. Wata safiya tana ɗaura kallabi ta ce wa bango, “Ni yau Gabukka zan wuni wurin ƙanwata. Abin da aka yi a bayana ban gani ba, ban ji ba.”

Da la'asar na yi wanka, na sa zanen fita, na yafa mayafi. Malam ya fitar da babur ya ɗora ta. Na zo har cikin zaure. Sai na ji muryar maza a ƙofar gida, maƙwabta ne zaune a tabarma suna gaisawa da shi. Ƙafata ta ƙi.

“Adda, mun tayar!”

Na ce, “Ku je, tuwo na kan wuta.” Ko tukunya ban ɗora ba.

Inji ya daɗe yana kuka a ƙofar gida. Sannan na ji ya yi nisa.

Da suka dawo na riga na cire zanen. Ta dube ni ta ce, “Ba komai, Adda. Yau jirgin ma bai zo ba.”

Da bazarar nan ƙyanda ta shigo unguwa. Ta bi gida-gida, ta zo namu. Kwana tara yarinyar ta yi a kwance. Ta cika da hantsi a cinyar Dada, ni ina tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwa a hannu. Mata suka cika gida suna cewa kun ga haƙuri, ko hawaye ba ta yi ba. Na ji su sarai.

Tankin yana nan da tozonsa, matashin a ɗaure. Abokan aikin Malam suka yi ta ce masa ya sauke, wata rana zai kayar da shi a kwana. Bayan sadakar arba'in, wata rana da la'asar, ya tsaya a tsakar gida ya ce zai kai shi Nasarawo a mayar da shi yadda yake. Sannan ya ce, “Ranar da ba ki bi mu ba fa, jirgin ya zo. Ita ta ce kada in gaya miki.”

Na ce, “Malam, kafin ka kai shi, ka kai ni.”

Bai tambaye ni ina ba. Na yafa mayafi na bi ta zaure. Maza suna nan a tabarmarsu. Na gaishe su, na hau. Abin da ya gagare ni shekara guda, taku uku ne.

Muna tafe na lura da hannuwansa. Gwiwoyin hannun a buɗe suke, kamar mai tsoron matse wani abu a gabansa. In ya zo kwana ya yi ta da faɗi, a hankali.

Muka tsaya daga gefen tasha, ban sauka ba. Can ƙasa ta fara rawa, sai ga shi, baƙi, dogo, ya fi yadda take faɗa. Ya saki kuka har kunnena ya toshe. A cikin kukan nan na kira sunanta. Na kira sau uku, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Ban san ko Malam ya ji ba. Bayansa dai na ga yana girgiza.

Daga tasha ya wuce da ni Nasarawo. Dattijon ya taso yana murmushi, ya dubi matashin, ya dubi fuskokinmu, murmushin ya tafi. Ya cire hularsa. Malam ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya dafa tankin ya daɗe, sannan ya ce, “Malam, waldar nan ta kama sosai. Sai dai a bar shi haka.”

Duk mu ukun mun san aikin rabin sa'a ne. Malam ya ce, “To, a bar shi.”