Ranar da Injin Ponso Ya Ƙi Tashi

A shekarar 1987 na fara ganin Ponso Tubil, kuma kansa kawai na gani, domin sauran jikin yana binne cikin yashi. Na taso daga makarantar mishan inda nake koyarwa, na biyo ta bakin teku, sai na tarar mata sun yi da'ira. A tsakiyarsu ga kan wani saurayi kamar kwakwar da ruwa ya turo, an kifa masa malafa saboda rana, yana ta rantsuwa cewa ba ya jin ƙafafunsa.

A zamanin, haka ake yi wa duk wanda ciwon nutso ya kama. Samarin garinmu da kwamfuresa, injin hura iska, suke kamun kifi: a tayar da inji a cikin jirgi, mutum ya ciji bakin dogon tiyo, ya sauka ƙasan teku ya daɗe son ransa, sannan ya taso a guje. Wanda ya fito yana naɗewa sai a mulke shi da man kwakwa a binne shi a yashi mai zafi, wai sanyin teku ne ya shige shi. Wasu su tashi, wasu su ƙare rayuwarsu a kan tabarma.

Ana cikin haka sai ga Teryo mai walda ya turo baro, da tulun iskar oksijin da yake yankan ƙarfe da ita. Ya taɓa aiki a jiragen ruwa a Cebu, ya ga yadda ake yi da irin wannan ciwo. Bai nemi izinin kowa ba. Ya durƙusa yana tono da hannu, uwar Ponso tana zuba masa tsintsiya a gadon baya. Ya yanke gindin galan ya kifa wa saurayin a fuska, ya saki iskar a hankali, ya ɗora shi a jirgi suka tsallaka Cebu, inda ake da wata tukunyar ƙarfe da ake sa mai ciwon a ciki har jikinsa ya saki.

A makon nan Teryo yana tsakiyar ƙera ƙofar cocinmu, ga bikin waliyyin gari ya ƙarato. Bai dawo ba sai bayan biki. Da gora aka tare bakin coci aka yi jerin gwano, Fada ya ambaci sunansa a wa'azi, aka kuma ba wani maƙeri daga birni aikin. Shi kuwa Ponso ya dawo da ƙafafunsa, sai dai ta hagu tana ɗan jan ƙasa har yau.

Godiya, ban taɓa jin ta shiga tsakaninsu ba. Teryo yana kiransa gurgun kifi, shi kuma yana kiran Teryo maƙerin gwangwani. In suka zauna shan bammin kwakwa, sai Teryo ya ce ya yi asarar iska mai kyau a kan mutumin da ba ya daina surutu, Ponso ya ce ai da an bar shi a yashin, da ya huta da ganin fuskar Teryo. Haka suka yi shekara talatin.

Likita ya hana Ponso nutso har abada. Da baƙi suka fara zuwa kallon murjani da kunkuru a tsibirin Apo, kowa da tulun iskarsa a baya, sai ya zama mai tuƙa su. Matarsa Saling tana dafa musu abincin rana a bayan jirgi. Mazaunin da ya fi kowanne inuwa ba na baƙo ba ne, na wani koren akwati ne mai tulun oksijin, kuma ba a ɗora masa ko tawul. Kowane tulun iska sai ya buɗe ya shinshina kafin a hau da shi. In ya ji warin mai ko hayaƙi, ya mayar. Akwai kwalbar ruwan tsami da ya ajiye domin harbin halittun ruwa, wadda suka sha yin faɗa da Saling a kanta duk ranar da ta so jiƙa ɗanyen kifi. Abin alfaharinsa kuwa injinsa ne. Duk gaɓar nan an san injin Ponso bai taɓa mutuwa a teku ba. Yana goge shi kamar kayan ado, kuma bai taɓa barin Teryo ya sa masa sifana ba.

Sai kuma tambayarsa. Duk wanda zai taka jirgin, Bature ko ɗan Manila, namiji ko mace, sai Ponso ya tare shi a bakin tsani ya ce, "Ina za ka kwana yau?" Wata Bajamushiya ta taɓa kai ƙararsa wajen mai masauki, wai tsoho yana neman ta da lalata. Shi kuwa dalilinsa guda ne. Wanda ya yi nutso mai zurfi, iska tana nan kwance a jininsa har washegari. In ya hau jirgin sama, ko ya hau dutse, sai ta taso. Ponso yakan girgiza kwalbar lemo ya ɓalle murfin, ya bar baƙo ya ga sauran da idonsa. Mai tafiya a jirgin sama da yamma ba ya shiga ruwa. Mai hawa Talinis, dutsen da ke tsaye a bayan garinmu, shi ma haka. Yara har waƙa suka mayar da tambayar, suna bin sa da ita a kasuwa.

Autar Teryo, Jonalyn, a jirgin nan ta girma, har ta zama mai yi wa baƙi jagora a ƙarƙashin ruwa. Ta samu manemi, Arnel, ɗan wani ƙauye a can ƙuryar Talinis, inda hazo ke sauka tun la'asar kuma ake noma kabeji. Maganar aure ta yi nisa, saura abu guda: kakarsa, Lola Pilang, wadda ba a yanka ko kaza a gidan sai ta ce a yanka. Tsohuwar ta riga ta faɗa a gaban mutane cewa ba ta ga amfanin macen da ke wuni da kifaye ba. Da ƙyar ta yarda a kawo yarinyar ta gan ta, a cin abincin jajibirin bikin ƙauyensu. Wadda aka gayyata irin wannan zama ta ƙi zuwa, to ta ƙi gidan ke nan.

Ponso ya san da gayyatar, amma ya ɗauka sai Lahadi. Ran Asabar da safe Jonalyn ta zo da wasu Koriyawa biyu, mata da miji, domin jagoran da aka ba su zazzaɓi ya kayar da shi. Ponso ya yi mata tambayarsa kamar kullum, ta ce a gida, tana kallon wani wajen.

Sun yi nutso biyu masu zurfi kafin azahar. Suna hutawa a gefen tsibiri Ponso ya buɗe akwatin da ake ajiye busassun kaya, yana neman ashana. Sai ya ga shuɗiyar riga a linke cikin leda, da takalmi mai tsini, da ɗan kwalin alewar madara irin ta kai wa surukai. Ya daɗe yana kallon takalmin. Ba a sa irinsa a garinmu sai in coci za a je, ko gidan da ake jin nauyinsa.

Ya jira ta zo bayan jirgi wanke madubin da take nutso da shi. A wajenmu Inday ake kiran budurwa, ita kuma ta kira dattijo Manong.

"Inday, yau ne za ki hau dutse?"

"Manong, tafiyar awa ɗaya ce a babur. Mutane nawa suke yi?"

"Ni ma mutane nawa na ga suna yi kafin a binne ni."

Ta ce ta sha ruwa sosai, ta taso a hankali, ba ta jin komai a jikinta. Ya ce shi ma ranar bai ji komai ba sai da ya taka yashi. Ya ce ta buga wa Arnel waya ta ce sai gobe. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce to ta ce wa Lola Pilang me? Ta ce kifaye ne suka riƙe ta? Ai abin da tsohuwar ke jira ke nan. Ta ɗora da cewa ita ba yarinya ba ce, kuma shi ba ubanta ba ne. Ponso ya ce gaskiya ne, ubanta ya fi shi muni. Ta murguɗa baki ta koma wajen baƙinta.

Ya zauna kusa da injin yana murza gwiwarsa ta hagu. In ta ƙi zuwa da kanta, auren ya lalace. In ta je, ƙila ta wuce lafiya, ƙila kuma a sauko da ita a kan ƙyaure, daga inda babu oksijin, babu kwalta. Ya ɗaga kai ya dubi Talinis, ya sunkuya ya dubi injinsa. Saling ce kawai ta ga hannunsa ya shiga ƙarƙashin murfi ya fito a dunƙule. Ta ci gaba da juya kifinta a kan gawayi.

Da lokacin komawa ya yi, Ponso ya ja igiyar inji. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja. Masu sauran jirage suka taso kamar an buga ƙararrawa, kowa yana so ya ga abin da bai taɓa gani ba. Wani ya ce a ɗauki hoto, wani ya ce ya zo ya ja su. Ponso ya ce Allah ya sawwaƙe a ja jirginsa kamar mushen saniya, ɗan datti ne a bututun mai, yanzu zai tashi. Jonalyn ta yarda, domin a rayuwarta ba ta taɓa ganin injin nan ya ƙi shi ba. Ya kwance wannan, ya hura wancan, yana gumi yana zagin ƙarfe, har jirage suka watse ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta farga iskar yamma ta taso, mashigin ya yi fari da kumfa, babu mai tsallakawa sai safiya.

Ta yi kuka, ta ce ya kashe mata aure da taurin kansa. Ya sunkuyar da kai ya karɓa. Sannan ta hau kan tudu inda waya ke kamawa, ta kira Arnel. Koriyawan kuwa murna suka yi ta yi. Aka sama musu ɗaki a tsibirin, suka cinye kifin Saling har ƙaya.

A can kan dutse labari ya juya yadda ba wanda ya zata. Lola Pilang, da ta ji yarinya ta maƙale a tsibiri cikin iska, sai ta sa aka kunna kyandir, aka yi mata addu'a a teburin cin abinci. Ta ce mutuwar inji ba laifin kowa ba ne, sai na sakaran da ke da jirgin. Ta sa aka ware wa Jonalyn kasonta.

Washegari da hantsi sai ga Teryo a jirgin farko, yana tsaye a gaba da jakar sifanu, yana washe baki tun daga nesa. Shekara talatin yana jiran wannan rana.

"Gurgun kifi, ina gawar take?"

"Ga ta nan, Pare abokina. Ka taɓa a hankali, ba gwangwani ba ne."

Mutanen tsibiri suka taru a bakin ruwa. Teryo ya ɗaga murfi, ya bi waya da yatsa, sai ya tsaya: babu fulogi a mazauninsa. Ya duba ƙasan jirgi, ya duba cikin bokiti. Saling, tana wanke tukunya, ta nuna masa koren akwati da haɓa. Ya buɗe. Ga fulogin nan a naɗe cikin tsumma, a kwance gefen tulun oksijin, tsaf ba ko tsatsa.

Teryo ya dubi 'yarsa da ke zaune a kan yashi da ledar shuɗiyar riga a cinya, tana miƙe ƙafafu tana wasa da yatsunta. Ya dubi Talinis. Bai dubi Ponso ba. Ya juya wa taron baya ya mayar da fulogin, sannan ya ɗauki babbar sifana ya yi ta ƙwanƙwasa injin nan na wani dogon lokaci, yana faɗa da ƙarfi cewa bai taɓa ganin ruɓaɓɓen inji irin wannan ba, mai shi ya cancanci ɗauri. Da ya ga kowa ya ji, ya ja igiya, inji ya tashi.

Da yammar ranar Jonalyn ta hau dutse, tsohuwa ta tarbe ta da bargo. An ɗaura auren bayan girbin kabeji. Sunan injin Ponso kuwa bai sake dawowa ba; har yau in babur ya mutu a garinmu sai a ce ya yi na Ponso, shi kuma ya yi murmushi ya wuce yana jan ƙafa. Saling ce ta ba ni labarin fulogin, bayan an yi wa ɗan fari na Jonalyn baftisma.

Saling ta ce a hanyar dawowa daga tsibirin, mazan biyu sun zauna a bayan jirgi, kowa yana kallon nasa gefen teku. Sun kusa gaɓa Teryo ya miƙa ƙafa ya ɗan taɓa ta Ponso, ta hagun.

"Tana damun ka har yanzu?"

"Sai in za a yi ruwa."

Teryo ya gyaɗa kai. Sannan ya ce injin yana wata ƙara da bai yarda da ita ba, a kawo masa shi shago ran Litinin. Ponso ya ce sai dai bayan ransa.