Ranar da Na Nemi Izinin Yaya a Kan Ɗiyata

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, ƙungiyarmu ta malamai ta shirya yawon buɗe ido a kan ruwa. Aka yi shatar babban jirgin inji, aka ce za mu tashi da sassafe daga bakin ruwa, mu gangara ta gefen tsibirai har wajen Wara, mu ci abinci a can, mu juyo kafin magariba. An yarda kowane malami ya zo da yaro ɗaya. Ni ba sai na yi dogon tunani ba, don ɗiya ɗaya gare ni.

Na ce ɗiyata, amma ba ni na haife ta ba. Allah bai ba ni haihuwa ba. Ɗiyar yayana ce ta fari. Ranar da aka yaye ta ya kawo ta da kansa daga ƙauyenmu can ƙasar Shanga, ya dire ta a tsakar gidana, ya sha ruwa, ya juya. Tun daga ranar bai taɓa tambayata me ta ci ko me ta sa ba. Ni na kai ta makaranta, ni na yi jinyar ƙyandarta, ni take kira Mama. A lokacin shekarunta goma sha ɗaya, kuma duk da a bakin ruwa ta tashi ba ta taɓa shiga jirgi ba, saboda ni matsoraciya ce ta bugawa a jarida. Da ta ji za a je da ita, sau biyu ta wanke takalmanta tun tafiya na saura mako guda.

Da yake kowa a yankinmu ya san ruwa ba abin wasa ba ne, sai ƙungiya ta kafa doka: duk yaron da zai shiga jirgi ba tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ba, sai an cika masa fom na izini, da hotonsa, da sa hannun uba, da hatimin maigari. Don ku san irin halina, ni ce na miƙe a taro na kawo wannan shawara, har aka yi mini tafi. Ban san igiyar da nake tufkawa ƙafata za ta fara ɗaurewa ba.

Ranar rabon fom sakataren ƙungiya ya miƙo mini ɗaya.

Na ce, “Nawa na mi? Ai da ɗiyata za ni.”

Ya ce, “Na sani, Malama, kowa ya sani. Amma ke da bakinki kika ce mahaihi ko mahaihiya. Ga shi nan rubuce cikin littahin taro, in karanto miki?”

Na karɓa ina cika ina batsewa. Da na koma gida maigidana ya ce in kawo ya sa hannu a wuce wurin, ai shi ne ubanta a gidan nan. Na ce a'a, ƙa'ida ƙa'ida ce, mutum ba ya kafa doka ya fara taka ta. Ya dube ni ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Ranar Asabar na shiga mota ni kaɗai, na sauka a mahaɗa, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa ƙauye. Fom ɗin yana cikin ambulan, na cika shi tsaf da rubutuna mai kyau, na manna hoton yarinya, har na ja layi da fensir a inda Yaya zai dangwala yatsa. Ko gida ban shiga ba, na hango shi ƙarƙashin rumfa tare da abokansa uku suna zuba albasa cikin buhuna. Na ce bari in gama da wannan tukun, aikin minti biyu ne. Muka gaisa, na fito da takarda.

Ya ce, “Wagga kuma ta mi ta? Karanta mu ji.”

Ni kuwa na gyara murya kamar ina gaban aji. Na karanta: ni wane, mahaifin wance. Na ambaci sunanta tiryan-tiryan. Na ci gaba: na ba ƙanwata izini ta tafi da ɗiyata yawon jirgi.

Ɗaya daga cikin abokansa ya sunkuyar da kai yana juya albasa ɗaya a hannu kamar bai taɓa ganin irinta ba. Nan na tuna abin da na sani tun ina ƙarama, wanda boko da gaggawa suka mantar da ni. Yaya bai taɓa furta sunan yarinyar nan ba, ɗiyar fari ce. Ni kuma ga ni na kira masa sunan a gaban mutane, na kuma ce masa ɗiyarsa.

Ya kakkaɓe hannunsa a hankali ya ce, “Ni ba ni da ɗiya Yelwa.”

Na ce, “Yaya, yatsa kawai za ka dangwala.”

Ya ce, “Shekara tara ban tambaye ki komi ba, yau ke ka tambaya ta? In kin gaji da riƙo, hwaɗi kai tsaye, ba sai kin zo da takarda ba. Ran kasuwa in aiko a ɗauko ta.”

Ya juya ga buhunsa. Yayana ba ya magana biyu, in ya ce ranar kasuwa to ranar kasuwa ce. Na zo neman izinin yini ɗaya a kan ruwa, ga shi ina shirin rasa yarinyar gaba ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Na shiga gida wajen mahaifiyata, na tarar labari ya riga ni isa. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, “Malama manya. An karanta muna takarda?”

Na ce, “Inna, takarda ta kawai. Mutanen jirgi ka son ta, ba ni ba.”

Ta ce, “Wanda anka ba riga ba ya komowa shi tambayi mai ita ko shi sa ta ran Juma'a. In ya komo, maido ta ya zo yi. Shi ya danne zuciyarshi ya ba ki, bai leƙa ba, bai tambaya ba, don kar ki ji wani abu. Ke kin zo gaban abokanshi kina tuna mishi tashi ta.”

Na fara kawo hujja, ina bayanin dokar ƙungiya da dalilin kafa ta. Ta bar ni na yi ta zuba har na gaji, sannan ta tambaye ni wa ya kawo dokar. Na ce ni ce. Ta yi dariyar da ta fi mari zafi.

Ta ce, “Tashi ki ba shi haƙuri tun bai yi rantsuwa ba. In ya rantse, ko ni ba ni iya komi.”

Bayan sallar azahar ya shigo zaure shi kaɗai. Na ajiye jaka da ambulan a gefe, na durƙusa har ƙasa, abin da rabona da yi masa tun ina budurwa. Na ce na yi kuskure, ban gaji ba, kuma ba zan taɓa gajiya ba. Na ce in takardar nan ce matsala a fasa tafiyar, in yaga ta yanzu a gabansa. Da gaske nake, don a lokacin jirgi ya fita raina.

Can ya ce, “An hwaɗa mata za ta?”

Na ce an faɗa mata, har ta wanke takalma.

Ya ce, “To ba a yi wa yaro haka. Su mutanen jirgin ba su san riƙo ba? Ɗauko takardar. Juya bayanta. Rubuta abin da zan hwaɗi, kar ki ƙara naki.”

Na ɗora takardar a kan cinyata, yana faɗa ina rubutawa. Ya ce shi ba shi da izinin da zai bayar a kan yarinyar nan, domin ya riga ya bayar da ita. Ɗiyar ƙanwarsa ce. Inda duk ta kai ta, ɗiyarta ta kai. Ko ruwa ko tudu, kar wani ya ƙara tambayarsa.

Na ce, “Yaya, sunan hwa?”

Ya ce, “Bar wuri. Ki sa in kin koma gida.”

Rubutun nan nawa mai kyau da nake taƙama da shi ranar sai ya koma kamar tafiyar kaza, don idona ya cika da hawaye. Babu tawada a gidan, sai na shafa masa biro a babban yatsa ya dangwala. Muka je wajen maigari, aka karanta masa, ya yi dariya ya ce shi bai taɓa buga hatimi a bayan takarda ba, amma ya buga.

Na yi sallama da Inna na kama hanyar inda ’yan kabu-kabu ke tsayawa. Na kusa fita gari sai na ji takun mutum a bayana. Matar Yaya ce, mahaifiyar yarinyar. Duk yinin nan ban da gaisuwa ba ta ce mini komai ba, kuma haka take ko yaushe. In na zo da yarinyar hutu, ba ta kallonta ido da ido, ba ta zama inda take. Ta miƙo mini ƙullin ƙuli-ƙuli tana kallon wani gefe.

Ta ce, “Gwaggo, wai jirgin babba na?”

Na ce babba ne.

Ta ce, “Akwai rigar ga da ba ta bari a nutse?”

Na ce akwai, kowa da tasa.

Ta ce, “To ki aje ta tsakiya. Kar ki bari ta zauna baki.”

Ta juya da sauri tana jan bakin mayafinta zuwa fuska. Na tsaya ina kallonta har ta shige kwana.

Ranar Litinin na kai wa sakatare takardar. Ya duba gaba ya ga babu yatsa, ya ɗaga gira. Na ce ya juya. Ya karanta sau biyu, ya ce shi ma ƙanen babansa ne ya riƙe shi, kuma da shi aka aika da wannan fom da ko ƙofar gida ba zai kai ba. Ya sa ta cikin fayil.

Mun yi tafiyarmu lafiya. Ruwa ya kwanta, mun ga masunta suna jan taru, mun ci shinkafa da kifi a bakin gaɓa. Yarinya ta yini a bencin tsakiya tana kumbure-kumbure, wai sauran yara suna taɓa ruwa da hannu ita na hana ta. Ta ce, “Mama, ke dai tsoro gare ki.” Na ce na ji, na ɗauki laifin.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau ba tsoron da Yaya ya ba ni ba ne. Shekara tara ina ganin ni ce mai alheri, ni ke ciyarwa, ni ke tufatarwa, su sun huta. Shirunsu na ɗauka rashin damuwa ne, har nakan yi gunaguni a zuci cewa ko sau ɗaya ba sa tambayar lafiyarta. Ashe shirun nan shi ne kyautar, kuma kullum sai sun sake ba ni ita. Na ji kunyar kaina ƙwarai da na gane haka.

Daga wannan shekarar duk hutu sai na kai ta ƙauye, kuma da mun isa sai in ƙirƙiro wa kaina aiki, in ce zan je gaisuwa unguwar gabas, in daɗe ban dawo ba. Yanzu ta girma, tana kwaleji, har yau ni take kira Mama, kuma har yau matar Yaya ba ta furta sunanta. Amma wata rana na dawo da wuri, na leƙa ta bayan danga, na gan su su biyu, ita da mahaifiyarta, a gindin bishiya. Yarinyar ta kwantar da kai a cinyarta, ita kuma tana yi mata kitso a hankali, in ta kai ƙarshen layi sai ta warware ta sake. Na koma da baya na ƙara wata gaisuwar.