Gefen Gonar da Ba a Nomawa

Shekarun baya, a damunar da ta biyo rasuwar mahaifina, gonar gidanmu ta dawo hannuna. A kusurwarta ta gabas akwai wani ɗan fili da bai fi faɗin ɗaki ba, sabara ta cinye shi. Tun tasowata ban taɓa ganin an sa masa fartanya ba. A yankinmu kuwa na wajen Tsanyawa, gona manne take da gona, ko taku ɗaya ba a bari. Ni da na ɗan yi boko nake ganin kaina wani wayayye, sai na ce wannan ai camfi ne. Na kira mai shanun huɗa, garma har ta fara cin gefen wurin.

Sai ga mahaifiyata ta taho, ko takalmi babu.

"Dakata! Ubanka bai noma nan ba, ubansa ma haka."

"To me ya sa, Inna?"

"Ban sani ba, aure ya kawo ni. Je ka tsallaken rafi ka tambayi tsohon nan."

Tsohon da take nufi daga gidan Maguzawan da kakanninmu suka tarar a nan yake, yanzu coci suke zuwa. Wallahi ban taɓa tsayawa na gaishe shi ba. Na same shi yana tufka igiya, na durƙusa a daddafe.

"Baba, wurin nan na gonarmu, tsafi aka binne?"

Ya dube ni ya ce, "Uwarku ce a kwance a wurin."

Ya ce a zamanin sarakuna, tun Turawa ba su zo ba, nan duk daji ne, sai gidansu guda. Wani bafatake daga ƙasar Barno ya biyo da jakunan kanwa da matarsa mai tsohon ciki. Ruwa ya tsare su, naƙuda ta taso. Ta haifi namiji, ita kuma ba ta tashi ba.

"Mutanenmu ba su san yadda ake binne Musulmi ba," in ji shi. "Mijin yana kuka yana kwatanta musu. Mata suka yi mata wanka, maza suka haƙa yadda ya nuna, ta fuskanci gabas. A gonar da ta fi kowacce albarka suka ba shi wuri. Shi kaɗai ya yi mata salla, su suna tsaye a bayansa."

Bafataken ya kasa tafiya ya bar ta. Ya kafa bukka, 'yan'uwansa suka biyo shi, aka haƙa rijiya. Asalin ƙauyenmu ke nan. Ni kuwa da nake ta cika baki wai wani babban malami ne ya kafa mu!

"Jaririn fa, Baba?"

"Kakar ubana ce ta shayar da shi tare da nata. Shi ne kakan kakanka. Shi ya sa ubanka bai taɓa wuce ƙofar nan bai shigo ba. Kai ne dai muke gani ka wuce."

Na kasa ɗaga kai. Na koma na sallami mai shanu, na mayar da ƙasar da hannuna ina hawaye.

Har yau idan na tuna, ba garmar ce ta fi ƙona min rai ba, don kabarin ban san da shi ba. Amma tsohon nan na san da shi. Shekara talatin ina wuce ɗan'uwana ban ce masa sannu ba.